Wace Aljanna, Wa Ya Rasa Ta? Sharhi a Kan Sunan Waƙar Milton

Ran 8 ga Nuwamban 2018 wutar daji ta tashi a arewacin jihar Kalifoniya ta Amurka, cikin 'yan sa'o'i ta lashe wani gari mai mutum kusan 26,000. Mutum 85 suka mutu, gine-gine sama da 18,000 suka zama toka. Sunan garin Paradise, wato Aljanna. Editocin jaridu ba su wahala wajen neman kanun labari ba, kusan kowa ya ɗauko kalmomi biyu ya manna: Paradise Lost. Da ma kalmomin suna nan a aljihun kowane ɗan jaridar Turanci. Tsibirin da masu yawon buɗe ido suka cika da shara, a ɗauko su. Ƙasa mai albarka da yaƙi ya ɗaiɗaita, a ɗauko su. Akasarin masu yin haka ba su taɓa buɗe littafin da ya haifi kalmomin ba, kuma abin da suke nufi da su ya yi hannun riga da abin da mai littafin ya nufa.

Sunan wata doguwar waƙa ce ta John Milton, haifaffen Landan a 1608. Ta fito a 1667, lokacin da ya shekara 15 da makancewa. Da dare yakan tsara ɗangwayen a ka, da safe ya yi shifta ga wanda ya samu ya rubuta masa. Ran 27 ga Afrilun shekarar ya ƙulla yarjejeniya da wani mai ɗab'i, Samuel Simmons: fam 5 a hannu, wani fam 5 in an sayar da kwafi 1,300. Bugun farko kashi 10 ne, a bugu na biyu na 1674, shekarar da ya rasu, ya sake raba ta kashi 12. Ɗango sama da 10,500, babu amsa-amo ko ɗaya, har sai da mai ɗab'in ya roƙe shi ya rubuta bayanin dalili domin masu saye suna ta tambaya. Labarin kuwa sananne ne: tawayen Shaiɗan, halittar Adamu da Hauwa'u, cin 'ya'yan itaciyar da aka hana, da fitar da su daga lambu. Marubucin Ingila Samuel Johnson, wanda ya yaba waƙar ƙwarai, ya ce babu mai karatun da ya taɓa fatan a ce ta fi haka tsawo. Gaskiya ya faɗa. Amma sunanta gajere ne, kuma a cikin gajartar nan rikicin yake.

Kalmar farko baƙuwa ce a Turanci, kuma 'yar uwarta tana gidanmu. Asalinta Farisa. A harshen Abesta, wanda aka rubuta littafin addinin Majusawa da shi, akwai pairi, ma'ana kewaye, da daeza, ma'ana katanga. Haɗa su ka samu wurin da aka kewaye da katanga. Bahaushe zai ce garka, sai dai wannan garkar sarakuna ce, mai itatuwa da magudanan ruwa da namun daji. Wani sojan Girka, Zenofon, ya bi yarima Sairus Ƙarami yaƙi a shekara ta 401 kafin haihuwar Annabi Isa, ya ga irin wannan wuri inda yariman yake farauta bisa doki, ya rubuta sunan da harshensa: paradeisos. Kalmar ba ta da wata alaƙa da lahira a lokacin. Gandun shaƙatawa ne na masu mulki.

Wanda ya ɗaga darajarta shi ne aikin fassara. A Iskandariya ta Masar, a ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa, malaman Yahudawa suka juya Attaura zuwa Girkanci. Da suka zo kan lambun da aka ajiye Adamu, wanda masu karanta Littafi Mai Tsarki na Hausa suka sani da gonar Aidan, sai suka zaɓi wannan kalma ta sarakunan Farisa. Daga nan ta shiga Latin, ta shiga Faransanci, ta sauka Ingila. A hanya kuma ta ƙara wata ma'ana, domin a Sabon Alkawari an yi amfani da ita sau uku, har da wurin da ake nufin makomar masu rabo bayan mutuwa. Kafin ta iso hannun Milton tana ɗauke da kaya biyu: lambun farko da aka fito daga cikinsa, da gidan ƙarshe da ake fatan shiga.

'Yar uwar da na ce tana gidanmu ita ce Firdausi. Tushensu ɗaya. Ta zo sau biyu a Alƙur'ani, a Suratul Kahfi aya ta 107 da Suratul Muminun aya ta 11, kuma tun cikin magabata an ruwaito daga Mujahid cewa kalmar tana nufin lambu a harshen Rumawa. Duk lokacin da muka yi wa mamaci addu'ar Aljanna Firdausi, ko muka raɗa wa yarinya sunan, muna furta jikar waccan kalma ta Farisa. Ita ma Aljanna ma'anarta a Larabci lambu ce, daga tushen da ke nufin rufewa da ɓoyewa, domin itatuwa sun lulluɓe ƙasar. Aljani daga tushen nan ya fito, shi ma ɓoyayye ne. Ɗaya katanga ta tsare ta, ɗaya ganye ya rufe ta.

Milton ya san zancen katangar nan, kuma ya yi aiki da shi. A kashi na 4 ya ɗora lambun bisa wani tudu mai wuyar hawa, ƙaya da kurmi sun kewaye shi, sannan ga bango na kore a sama, ga ƙofa ɗaya tak ta gabas, mala'ika Jibrilu na gadi. Shaiɗan ya iso, bai ko kalli ƙofar ba, tsalle ɗaya ya haura. Milton ya kwatanta shi da kyarkecin da yunwa ta kora ya tsallaka shingen makiyaya, da kuma ɓarawon da ya tarar attajiri ya garƙame ƙofofi sai ya bi ta taga. Da aka kama shi aka kore shi, a kashi na 9 ya dawo ta ƙarƙashin ƙasa, ya bi ruwan kogin Dijla, ya ɓullo cikin lambun kamar hazo. Sau biyu ke nan katangar da ta ba wurin sunansa ba ta tsare komai ba. Mai karatu ya fara zargin cewa tsaron wannan lambu ba a jikin bango yake ba.

A nan akwai wurin da mai karatu Bahaushe zai iya tuntuɓe. Mu da mun ji Aljanna sai hankalinmu ya tafi sama. A waƙar Milton wurare uku ne daban. Akwai Sama, mazaunin mala'iku, daga inda aka jefo Shaiɗan da rundunarsa. Akwai Aidan, wani yanki mai faɗi a nan duniya, wajen ƙasar da muke kira Iraƙi yau. Sannan akwai lambun kansa, a gabashin yankin, shi ne Paradise. Saboda haka a ɗangon ƙarshe na waƙar, bayan an fitar da Adamu da Hauwa'u daga lambun, Milton ya ce cikin Aidan suka ratsa suna tafiya. An kore su daga gida, amma suna cikin gari. Malamanmu ma sun yi wannan muhawara. Mafi rinjaye sun ce Aljannar da Annabi Adamu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya zauna ita ce Aljannar dawwama, wasu kaɗan suka ce wani lambu ne a doron ƙasa, kuma Ibnul Ƙayyim ya jero hujjojin kowane ɓangare a littafinsa Miftahu Daris Sa'ada. Milton yana tare da 'yan tsirarun. Ba sai an faɗa ba, aƙidar waƙar ta Kirista ce daga tushe: zunubin da ake gada, da Ɗa mai fansa, da sa magana a bakin Ubangiji. Musulmi zai karanta ta a matsayin adabi, ba tafsiri ba. A Suratul Baƙara Annabi Adamu ya karɓi kalmomi daga Ubangijinsa, aka karɓi tubarsa, babu bashin da ya bar wa zuriya.

Kalma ta biyu ta fi ta farko wuyar kamu. Tun daga wurin zamanta akwai magana. A Turancin yau da kullum siffa ce ke gaba, suna ya biyo baya, da sai a ce Lost Paradise. Milton ya juya su, irin yadda Latin da Italiyanci suke yi. Yana da abin koyi: a 1581 Torkwato Tasso na Italiya ya fitar da doguwar waƙa a kan yaƙin 'yan Salibiyya, ya sa mata suna Gerusalemme Liberata, wato Ƙudus da Aka 'Yanta. Sunan wuri, sannan abin da ya same shi. Milton ya ari ƙwaryar ya zuba wani abu dabam. Manyan waƙoƙin jarumta na Turai sunan gwarzo suke ɗauka, ko na birni, ko na nasara. Shi ma da ƙuruciya ya yi niyyar waƙe Sarki Arthur, gwarzon almarar Birtaniya. Ga shi ya ƙare da waƙar da sunanta ke shelar faɗuwa tun daga bango. Kunne yana jin Aljanna tukuna, kafin ya gama jin daɗi a fizge ta. Kuma mai karatu zai ratsa kashi takwas cur, yana kallon ma'auratan nan suna gyaran furanni suna hira da mala'ika Rafa'ilu, ya riga ya san abin da ba su sani ba, sai a kashi na 9 hannun Hauwa'u ya kai ga reshe.

To yaya za a faɗi kalmar da Hausa? Na daɗe ina juya wannan, domin Turanci ya cusa ma'anoni da yawa cikin lost, Hausa kuwa ta raba su gida-gida. In ka ce Ɓatacciyar Aljanna, ka buɗe ƙofa biyu da ba ka so. Ko dai ta ɓata kamar akuya, a shiga cigiya, alhali lambun bai je ko'ina ba, yana nan inda yake, takobin wuta ne kawai a bakin ƙofa. Ko kuma ta ɓaci kamar yaron da ya lalace, alhali ba lambun ne ya lalace da farko ba. In ka ce Aljannar da Ta Suɓuce, ka wanke mutum, ka mai da abin kamar kifin da ya zame daga hannu. Salwanta ta yi ƙarfi, domin abin da ya salwanta ba a sa ran dawowarsa, Milton kuwa tun a ɗango na huɗu da na biyar ya ambaci rashin Aidan tare da alkawarin wanda zai maido da shi. Saura biyu. Asara tana da nauyin da nake so, nauyin wanda aka ba jari ya karya shi da hannunsa. Kuma ga wani dacen: daga Larabci muka aro ta, tushe ɗaya da kalmar da ta rufe addu'ar Annabi Adamu da matarsa a Suratul A'araf aya ta 23, inda suka ce in ba a gafarta musu ba za su kasance cikin masu hasara. Rasa kuma tana maƙwabtaka da rasuwa, ga shi a waƙar mutuwa ta shigo duniya ta ƙofar wannan itaciya.

Jamusawa ma sun yi wannan kokawa. Johann Jakob Bodmer ya fitar da fassararsa a 1732 da sunan da ke daidai da Asarar Aljanna, daga baya Jamusanci ya tsaya a kan wanda ke daidai da Aljannar da Aka Rasa. Larabci ya ce Al-Firdausul Mafƙud, sunan da Muhammad Anani na Jami'ar Alƙahira ya sa wa fassarar da ya fara fitarwa a 1982 ya kammala a 2002. Ni ma a ƙarshe Aljannar da Aka Rasa na zaɓa, saboda wannan ƙaramar kalma, aka. Tana yin aikin da Turancin yake yi: tana faɗin an yi rashi, tana ɓoye wanda ya yi. Kowa ya san yadda muke fakewa da ita. An fasa tulu. An ɓatar da kuɗin. Sunan waƙar yana wannan fakewar, waƙar kuma ta ɗauki ɗango dubu goma tana tone wanda ya ɓuya a bayan aka.

Wanda ya fara rashi a cikinta ma ba Adamu ba ne. Waƙar ta buɗe da Shaiɗan kwance a tafkin wuta, kwana tara bai motsa ba, abin da ke cin ransa shi ne tunanin jin daɗin da ya rasa. Da ya buɗe baki sai ya ce don an rasa fagen fama ba a rasa kome da kome ba, saura taurin zuciya da neman fansa da ƙiyayyar da ba ta mutuwa. Milton ya kira shi da wannan kalma ta lost, a ma'anarta ta coci, wato halakakke, wanda ya ɓace wa rahama. Wannan ma'anar ce fassarar da na zaɓa ba ta iya ɗauka, sai dai a koma ga ɓatacce irin na ɓatattun ƙarshen Fatiha. A kashi na 9, da Hauwa'u ta ci, ƙasa ta ji rauni, halitta ta yi ajiyar zuciya alamar an rasa kome. Da ta dawo ta gaya wa mijinta, rawanin furannin da ya saƙa mata ya faɗi daga hannunsa, ya ce a ransa: yaya aka yi kika ɓata haka, farat ɗaya kika ɓata? Duba yadda kalmar ta yi ƙaura. A bangon littafi wuri ta siffanta, a cikin littafi mutane take bi tana mannewa. Kafin kowa ya rasa lambu, masu lambun sun riga sun ɓata.

Akwai shaidar cewa Milton ya auna wani sunan. A kwalejin Trinity ta Kambirij akwai kundin rubutun hannunsa na farkon shekarun 1640, lokacin yana gani, inda ya zana tsarin wasan kwaikwayo a kan wannan labari har sau huɗu. Zane na uku yana ɗauke da sunan da muka sani. Na huɗu kuwa ya kira shi Adam Unparadized, kamar a ce Adamu da aka tuɓe wa Aljanna, irin tuɓe rawanin sarki. Wannan sunan ya nuna mutum ɗaya da yatsa. Bayan shekara ashirin da wani abu ya koma ga wanda bai ambaci kowa ba, wanda Shaiɗan zai shiga, Adamu ya shiga, mai karatu ya shiga. Shi kansa mai waƙar zai shiga.

Domin Milton ya ga tasa aljannar ta rushe. Yana cikin waɗanda suka kare kashe Sarki Charles na Ɗaya a Janairun 1649, ya zama sakataren harsunan waje na gwamnatin da ba sarki, ya ƙarasa abin da ya rage na idanunsa wajen rubuta mata kariya a gaban Turai. A 1660, makonni kaɗan kafin ɗan sarkin da aka kashe ya shigo Landan ran 29 ga Mayu, Milton yana ta rubutu yana gargaɗin 'yan ƙasarsa cewa suna zaɓen shugaban da zai mai da su Masar, kamar Bani Isra'ila da suka gaji da hamada suka yi kewar bauta. Ba wanda ya saurare shi. Ya ɓuya, aka ba da umarnin ƙona littattafansa biyu, aka tsare shi na ɗan lokaci, aka tono gawar Oliver Cromwell, wanda ya shugabanci gwamnatin da ba sarki, aka rataye. Abin da ya fi masa ciwo shi ne ba wata rundunar waje ce ta ci jamhuriyar ba, mutanen Ingila ne suka kira sarki da bakinsu, suka yi ta kaɗa ƙararrawa. A kashi na 12 mala'ika Mika'ilu yana gaya wa Adamu cewa tun faɗuwarsa aka rasa 'yanci na gaskiya, kuma duk al'ummar da ta bar son zuciya ya mulki hankalinta, azzalumi zai mulke ta daga waje. Ban yarda da masu mai da waƙar gaba ɗaya habaicin siyasa ba, ta fi haka girma. Amma makahon da ke shiftar waɗannan kalmomi ya san ɗanɗanon abin da yake faɗa.

Nan ne sunan ya rabu da yadda ake amfani da shi yau. A wurin Milton, wannan rashi mai shi ne ya jawo. A kashi na 3 an faɗa ƙarara cewa an halicci mutum da isasshen ƙarfin tsayawa, amma an bar masa 'yancin faɗuwa. Shaiɗan ya yi ruɗi, bai tilasta ba. Adamu ma, in ji waƙar, ba a yaudare shi ba, da idonsa buɗe ya ci, don ba zai iya rabuwa da matarsa ba. Milton ya ɗan karkata laifin wajen mace a nan, abin da Alƙur'ani bai yi ba, domin da lafazin mutum biyu ya ba da labarin zamewar da cin itaciyar. Duk da haka hukuncin waƙar a fili yake: kowa ya ɗauki kayansa. Ɗan jaridar da ya rubuta kalmomin nan a kan garin da wuta ta ci, ko tsibirin da teku ke haɗiyewa, akasin haka yake nufi. Yana nufin ga wuri mai kyau, ga mutane marasa laifi, wani abu ya zo daga waje ya ƙwace. Kalmomin sun tashi daga ikirarin laifi sun koma kukan wanda aka zalunta.

Akwai amfani na biyu, na kewa. Marubucin Faransa Marcel Proust ya rubuta, a juzu'in ƙarshe na babban littafinsa da ya fito a 1927, cewa aljannonin gaskiya su ne waɗanda aka rasa. Wato rashin ne ke mai da wuri aljanna, ƙuruciya ba ta zama zinariya sai ta wuce. Magana ce mai daɗi kuma akwai gaskiya a cikinta, duk wanda ya ji tsofaffi suna labarin zamanin da buhun gero yake arha ya san haka. Sai dai Milton ba zai sa hannu ba. Lambunsa aljanna ne tun ana cikinsa, Adamu da Hauwa'u sun san haka, kullum safe suna godiya. Wanda ya fi kusa da shi, a ganina, shi ne yadda marubutan Larabawa suke kiran Andalus da Al-Firdausul Mafƙud. Birnin Garnaɗa ya faɗi a Janairun 1492, kuma labarin da ake bayarwa shi ne sarkinta na ƙarshe, Abu Abdullahi, ya waiwaya daga kan tudu ya yi kuka, mahaifiyarsa ta ce masa ya yi kuka kamar mace a kan abin da ya kasa karewa kamar namiji. Ko labarin ya faru ko an ƙirƙira, masu ba da shi sun ajiye laifin a cikin gida, a rarrabuwar sarakunan Andalus da cin amanar juna. Wannan kewa ce mai haɗe da tuhumar kai, irin ta Milton.

Sunan ya haifi ƙani. A 1665 annoba ta kori Milton daga Landan zuwa ƙauyen Chalfont St Giles, gidan da ya zauna yana nan har yau. Wani saurayi da ke yi masa karatu, Thomas Ellwood, ya ba da labari a tarihin rayuwarsa cewa Milton ya ba shi rubutun ya karanta, da ya dawo da shi ya ce: ka yi magana da yawa a kan Aljannar da aka rasa, me za ka ce a kan Aljannar da aka samu? Milton ya yi shiru. A 1671 Paradise Regained ta fito, Aljannar da Aka Maido, kashi huɗu kawai. Wanda ya buɗe ta yana neman lambu zai sha mamaki. Hamada ce, da yunwar kwana arba'in, da Shaiɗan yana jarraba Yesu da abinci da mulki da ilmi, shi kuma yana cewa a'a. Abin da aka maido biyayya ce, babu ko bishiya ɗaya da aka sake dasawa.

Tun a waƙar farko ya share fagen wannan. Da Mika'ilu ya kawo hukuncin fita, Hauwa'u ta yi kukan furanninta, wa zai ba su ruwa, ga shi ba za su tsiro a wata ƙasa ba. Adamu ya ce abin da ke damunsa shi ne da ya zauna da ya nuna wa 'ya'yansa: a kan tudun nan Ubangiji ya bayyana gare ni, ƙarƙashin itacen nan na ji muryarsa, da ya gina wurin ibada a kowane. Mala'ikan ya ce masa ƙasa da teku da iska duk cike suke da Ubangiji, ba wannan dutse kaɗai ba. Daga baya ya ƙara da cewa in ya haɗa iliminsa da aiki, da imani, haƙuri, kamun kai da ƙauna, ba zai ji nauyin barin wannan lambu ba, domin zai mallaki wata aljanna a cikin kansa wadda ta fi wannan daɗi nesa ba kusa ba. Shaiɗan ya riga ya faɗi kishiyar wannan a kashi na 4, yana tsaye yana hangen lambun, ya ce duk inda ya gudu Jahannama ce, shi kansa ne Jahannama. Hauwa'u kuwa, wadda ta yi kukan furanni, ita aka ba maganar ƙarshe da ɗan Adam ya furta a waƙar. Ta ce wa mijinta tafiya tare da shi zama ne a nan, zama a nan ba shi kuwa fita ce.

Lambun kansa fa? Milton bai bar shi a matsayin wurin da za a yi ta nema a taswira ba, ko da yake matafiyan Turai na ƙarnonin da suka gabace shi sun sha neman sa, har matuƙin jirgin ruwa Kolumbus ya zaci ya kusa da shi a bakin kogin Orinoko na Kudancin Amurka a 1498. A kashi na 11 Mika'ilu ya nuna wa Adamu ruwan Ɗufana, ya gaya masa abin da zai sami tudun da yake tsaye a kai. Ambaliya za ta tumɓuke shi daga wurinsa, korensa ya lalace, itatuwansa su bi ruwa, babban kogi ya tura shi har bakin teku. Masu sharhi sun ce Tekun Fasha ake nufi, gaɓar ƙasar da kalmar ta fito tun farko. Can zai kafe ya zama tsibiri mai gishiri, ba ciyawa ba katanga, sai dabbobin ruwa da kukan tsuntsayen teku.